Dawanau: Hatsi Jibge A Kasuwa, Tunani Jibge A Zukatan Magidanta

Duk wanda ya bar birnin Kano ya kama hanyar Katsina, ba zai yi nisa ba zai iso Dawanau, a cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa. Abubuwa biyu ne suka fito da sunan wannan gari. Na farko kasuwar hatsi, wadda aka kafa a 1985, ta bunƙasa har ta zama ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda fatake daga Nijar da Cadi da Kamaru ke lodin gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓo. Na biyu kuwa asibitin masu taɓin hankali, wanda a dā yake hannun Gwamnatin Jihar Kano kafin Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. Sunan asibitin ya shiga bakin jama'a ƙwarai, har ma in Bakano ya ce a kai wane Dawanau, kowa ya san ba kasuwa yake nufi ba.

Shekara da shekaru ana duban waɗannan wurare biyu a matsayin maƙwabta da ba abin da ya haɗa su sai hanya. Amma abin da ya auku tun daga 2023 ya nuna cewa akwai igiya a tsakaninsu, watau farashin tiya a kasuwa yana da hannu a cikin kwanciyar hankalin magidanta da matan aure na ƙauyukan da ke kewaye, ko da yake mafi yawansu ba za su taɓa taka ƙofar asibitin ba.

Ran 29 ga watan Mayu na 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur, a watan da ya biyo baya kuma aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa. Kuɗin mota ya tashi, na taki ya tashi, hatsi ya bi su. A watan Yuli Gwamnatin Tarayya da kanta ta kafa dokar ta-ɓaci a kan abinci. Zuwa watan Fabrairu na 2024 al'amarin ya fito fili a Kano: mata masu gurasa suka yi zanga-zanga saboda tsadar fulawa, aka riƙa samun labarin gidajen da suka koma cin afafata, watau ɓarzajjen shinkafar da a dā kifi ake zuba wa, sa'an nan Alhaji Aminu Ado Bayero, wanda ke kan gadon sarautar Kano a lokacin, ya roƙi uwargidan Shugaban Ƙasa ta isar wa maigidanta cewa jama'a na cikin yunwa. A cikin watan nan ne Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano, ƙarƙashin Muhuyi Magaji Rimin Gado, ta rufe manyan ɗakunan ajiya 10 a yankin Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, zargin da 'yan kasuwar suka musa. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa a watan Yuni na 2024 tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin 100 in an gwada da ta watan Yuni na 2023, ran 1 ga watan Agusta kuma zanga-zangar tsadar rayuwa ta rikiɗe ta zama fashe-fashe a Kano har sai da aka sa dokar hana fita.

Wannan shi ne ɓangaren da jaridu da gidajen rediyo suka gani. Akwai wani ɓangaren da ba ya yin zanga-zanga, ba ya kuma shiga lissafin buhuna.

Yunwar Manya

In ana zancen yunwa, hankali yakan tafi kan yara, kuma haka ya kamata, domin su take fara kayarwa. Sai dai kafin yaro ya rame, babba ya daɗe da fara ramewa. A gidan Bahaushe uwa ce ke rage nata kason ta ƙara wa yara, ta ce ta ƙoshi. Uba kuwa yakan fice tun da asuba don kada a tambaye shi kuɗin cefane, ya dawo bayan lisha sa'ad da ya tabbata an yi barci. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ba da sanarwa a watan Yuli na 2025 cewa da ta auna iyaye mata 750 da suka kawo 'ya'yansu cibiyoyinta a Jihar Katsina, fiye da rabinsu su ma suna fama da rashin abinci mai tsanani. Sun zo jinyar wasu ne alhali su ma majinyata ne.

Ba a jiki kaɗai abin ke tsayawa ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da tambayoyi takwas da take auna rashin abinci da su, tambayar farko kuwa ba ta shafi abin da mutum ya ci ba, ta shafi ko ya shiga fargabar cewa abinci zai yanke masa. Watau masana sun yarda cewa yunwa a zuciya take fara sauka kafin ta isa ciki. A 2017 wani malamin Jami'ar Michigan ta Amurka, Andrew Jones, ya buga sakamakon nazarin bayanai daga ƙasashe 149, inda ya samu cewa a kowane yanki na duniya, gwargwadon tsananin rashin abinci gwargwadon yawan damuwa da baƙin ciki da ɓacin rai, ko da an yi la'akari da bambancin arziki da ilimi a tsakanin mutane.

Bahaushe bai jira jami'a ba kafin ya san haka. Yana da sunayen abin: yawan tunani, ƙuncin zuciya, rashin barci, saurin fushi. Abin da ba shi da shi shi ne ɗaukar su a matsayin ciwo mai magani. A wurin mutane da yawa taɓin hankali shi ne na wanda ya tuɓe riga ya shiga kasuwa, duk abin da bai kai haka ba kuwa sai a ce rashin haƙuri ne ko raunin tawakkali. Ga kuma tarbiyyar da ta ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wadda ke sa magidanci ya haɗiye halin da yake ciki don rufin asiri. Saboda haka mai wannan ciwo yakan je kantin magani ya ce kansa ke ciwo, ko ƙirjinsa ke zafi, ko jininsa ya hau, a ba shi ƙwayoyi ya koma gida ya tarar da tukunya a kife kamar yadda ya bar ta.

Nauyin ya fi tsanani a kan namiji ta wata fuska, domin addini da al'ada sun ɗora masa ciyarwa, ranar da ya kasa kuwa yakan ji kamar an tuɓe masa rawani a bainar jama'a. Daga nan faɗa ke shiga gida, wani ya saki matar da ba ta yi masa laifin kome ba, wani ya tafi cin rani Kudu a daina jin ɗuriyarsa. Ta wata fuskar kuma ya fi tsanani a kan mace, musamman wadda ke cikin kulle, domin ita ce ke zaune da kukan yara wuni guda, ba ta da majalisar da za ta je ta sha iska, jarin 'yar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗanwake kuwa tuni an cinye shi. Samari 'yan dako da ke ɗaukar buhuna tun safe har dare suna da tasu mafakar mai haɗari. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 a Nijeriya sun yi amfani da miyagun ƙwayoyi a shekarar da ta gabace shi, kuma a shekarar ce Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin bayan an ga ɓarnarsa, musamman a Kano.

Gona Ta Ƙanƙance

Mai karatu na iya tambaya, ta yaya manomi da ke zaune a bakin kasuwar hatsi zai rasa hatsi? Amsar tana cikin yanayin ƙasar da ke kewaye da Kano. Tun zamanin Turawa an san wannan yanki da cinkoson jama'a, inda ake noma kowace gona kowace shekara ba hutu, ana kai mata takin gargajiya daga birni a kan jakuna. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta zauna a Dorayi a farkon shekarun 1970, ta kuma rubuta a littafinta na 1977 cewa gonaki sun ƙanƙance har magidanta da yawa ba sa noma abin da zai kai su shekara. Dorayin da ta gani ƙauye ce, yau birni ya haɗiye ta, kuma irin wannan haɗiya ce ke bin hanyar Katsina, inda gonaki ke komawa filaye da ɗakunan ajiya. Kowane rabon gado kuma yana ƙara tsaga abin da ya saura.

Ƙaramin manomi a nan mai sayarwa ne da kaka, mai saye ne da damina. Yana kai hatsinsa kasuwa sa'ad da ya fi araha don ya biya bashin taki, ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, sa'an nan rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka, ya koma ya sayi tiya sa'ad da ta fi tsada. Wani ma tun hatsin na gona ya ci kuɗinsa. Don haka tsada ba ta zama riba a gare shi ba. Abin takaici kuma, da farashi ya faɗo a 2025, bayan Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci a 2024, ma'aikaci da ɗan birni sun sami sauƙi, amma manomin da ya sayi taki da tsada ya tarar da abin da ya girbe ba zai biya abin da ya kashe ba. Ya yi tunani a shekarar tsada, ya sake yin tunani a shekarar araha.

Ba yau ƙasar Kano ta fara ganin yunwa ba. An yi ta 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa da dama ke kira Kakalaba, an yi ta 1927, dattawa kuma har yanzu suna tuna farin 1973. Abin da ya riƙe mutane a tsakanin waɗannan shekaru shi ne wani tsari da ba a rubuta shi a takarda ba. Akwai gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare su ci daga rumbu ɗaya. Akwai gayya ga wanda aiki ya fi ƙarfinsa. Akwai ciyayya tsakanin gidaje, da cin tuwon dare a ƙofar gida inda kowane magidanci ke fito da akushinsa, wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba ya sa hannu tare da kowa ba wanda zai tanka. Mata na da adashi da biki. Mai unguwa ya san gidan da hayaƙi bai tashi ba.

Abin lura a nan shi ne kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yin aiki biyu a lokaci guda: yana cika ciki, yana kuma hana mutum zama shi kaɗai da tunaninsa. Wanda ya ci tuwo a majalisa ya sami abinci, ya sami hira, ya sami wanda zai dubi fuskarsa ya tambaye shi lafiya, kuma ya tashi da mutuncinsa. Ba a ce zamanin ya kasance aljanna ba, domin ko Polly Hill ta tarar da gandu na rushewa a gidajen matalauta, tun da uban da ba shi da gona ba shi da abin riƙe ɗa. Amma tsadar 2023 da 2024 ta zo da wani abu dabam, watau ta bugi mai bayarwa da mai karɓa tare. Malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda dangi na ƙauye ke dogara da su, sun koma neman bashi. Ko da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a watan Yuli na 2024, 'yan ƙwadago da manoma ba su cikin lissafin.

Taimakon gwamnati ya zo da siffar buhu. A watan Fabrairu na 2024 an ba da umurnin fito da tan 42,000 na hatsi daga rumbunan Tarayya, adadin da ba shi da yawa in an tuna cewa ƙiyasin da aka yi a watan Maris na shekarar ya ce mutum miliyan 31.8 za su shiga matsin abinci da damina. Ban da ƙarancin, akwai yadda ake rabon. Dattijon da ya shekara 30 yana ciyar da gidansa, a ce ya shiga layi cikin rana ana turereniya ana ɗaukar hotonsa, sau da yawa yakan zaɓi ya zauna gida. Rabon da ya ba mutum tiya biyu ya karɓe masa mutunci ya rage yunwar kwana biyu ne, ya ƙara ɗaya ciwon.

Asibiti Kaɗai Ba Zai Iya Ba

Ta fuskar doka an sami ci gaba. A farkon 2023 aka ba da sanarwar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gāda daga Turawa. Sabuwar dokar ta amince da haƙƙin majinyaci, ta kuma nemi a kai kulawa kusa da jama'a. Sai dai tun 1991 Nijeriya ke da manufar sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin ƙananan asibitoci, manufar da ta fi daɗewa a takarda. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar duka ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200. Asibitin Dawanau wajibi ne ga wanda ciwonsa ya yi tsanani, kuma ya fi gidajen mari nesa ba kusa ba, waɗanda samamen da aka kai musu a Kaduna da Katsina a 2019 ya fallasa yadda ake ɗaure mutane da sarƙa. Amma ba a gina shi don dubban masu kwana ba barci saboda cefanen gobe ba, su ma ba za su je ba, saboda abin da sunan ke nufi a bakin mutane.

Nijeriya ma ta taɓa nuna wa duniya wata hanya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, su je asibiti da rana su dawo cikin jama'a da yamma, har da haɗa kai da masu maganin gargajiya. A Zimbabuwe kuma, wani likita, Dixon Chibanda, ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare su saurari masu damuwa, su taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. A harshen Shona sunan ciwon yana nufin yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe ke faɗa. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2016 ya nuna cewa bayan wata shida, kimanin kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da alamun ciwon, alhali a cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba sun kai rabi. Masu shirin sun haɗa shi da ƙungiyoyin sana'ar hannu, domin sun gane cewa magana kaɗai ba ta ɗora tukunya.

Ƙasar Kano ba ta rasa irin waɗannan mutane ba. Akwai ungozoma da malaman Islamiyyar matan aure da ke shiga gidajen da likita ba zai shiga ba, akwai limamai da masu unguwanni, akwai ma'aikatan lafiya na ƙauye, akwai kuma 'yan Hisba da rikicin aure ke zuwa gabansu kullum, wanda sau da yawa tushensa cefane ne. Abin da suke bukata horo ne kaɗan: su gane bambancin ɓacin rai na kwana biyu da ciwon da ya zauna, su san tambayar da za su yi, su kuma san ranar da ya wajaba a garzaya asibiti, musamman in mutum ya fara cewa ya gaji da rayuwa. Malamin da ake kai wa marar lafiya don addu'a ba abokin gābar likita ba ne matuƙar ya san iyakarsa.

Amma mai sauraro da ya zo hannu wofi ba zai daɗe ana buɗe masa ƙofa ba, a nan ne kuma kasuwa ke da abin yi. Shari'a ta wajabta ushiri, watau kashi ɗaya cikin 10, a kan hatsin da ruwan sama ya shayar in ya kai nisabi, da rabin haka a kan na ban-ruwa, ɗan kasuwa mai juya kaya kuma yana fitar da ɗaya cikin 40 na ƙimar hajarsa duk shekara. Jihar Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Lalle akwai attajiran Dawanau masu fitar da zakka da sadaka, sai dai yawancinta takan fita ne da kaka ko da azumi, a watse a hannun masu zuwa ƙofa, alhali mafi tsananin bukata na ga wanda kunya ta hana shi zuwa, kuma lokacinta shi ne tsakiyar damina. In da ƙungiyar 'yan kasuwar da hakimai da dagatai za su ware wani kaso a ajiye a rumbun kowace unguwa, a hannun amintattu da jama'a suka zaɓa, a riƙa aikawa gidaje da dare ta hannun waɗannan mata da limamai, da an haɗa hatsin da ziyarar kamar yadda akushin ƙofar gida ya haɗa su a dā.

Akwai abin tsoro a cikin wannan shawara, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Duk rumbun da ya shiga hannun 'yan siyasa yakan zama na 'yan jam'iyya, jerin sunayen mabukata kuma in ya fita waje ya zama abin gori. Saboda haka girman rumbun bai kai muhimmancin wanda ke riƙe da mabuɗinsa ba. Lokacin cika shi kuwa shi ne Nuwamba da Disamba, sa'ad da motoci ke shigowa Dawanau da sabon hatsi kuma tiya na ƙasa. Wanda ya jira sai Yuli da Agusta, lokacin da rumbunan ƙauye suka ƙare kuma gero bai nuna ba, yakan sayi ƙasa da abin da kuɗinsa za su iya saya da kaka.